Kwat ɗin Mista Colby

Matakala arba'in da huɗu ce tsakanin ƙofar Lucius Pettway da titi. Shekara goma sha tara yana hawa yana sauka bai taɓa ƙirga su ba, sai da likita ya ce zuciyar matarsa Ozella ta gaji, ta bar hawa bene.

"Ku nemi gida a ƙasa," in ji likitan, yana rubutu, kamar mai cewa a rage gishiri.

"To, likita," in ji Lucius. Har godiya ya yi masa.

Wannan a watan Fabrairu ne na 1975, a Milwaukee ta Amurka. Ranar Ista maza biyu daga coci suka sauko da Ozella a kan kujerar kicin, da aka tashi suka mayar da ita. Ɗaya yana nishi yana cewa, "Sista Zella, ashe duk burodin masarar nan da kike hana mu, a jikinki kike ɓoye shi." Ta yi dariya tare da su har sama. Da aka rufe ƙofa ta zauna bakin gado da hularta a ka, ta ce, "Lu, ba a ƙara ɗauka ta kamar firiji. In ba da ƙafata zan sauka ba, to a bari sai ranar akwatin gawa."

Daga ranar ba ta sake taka ƙasa ba.

Ba wai bai nema ba. Ya zagaye unguwar Arewa kaf, inda mutanenmu baƙar fata suke a cunkushe tun da suka taso daga Kudu. Amma babbar hanyar da gwamnati ta yanka ta tsakiyar unguwar ta riga ta cinye ɗaruruwan gidaje, na ƙasan da suka rage kuwa, ko dai mai gidan ne a ciki da kansa, ko ɓeraye sun riga ka tarewa. Sai dai wajen unguwa. Abin dariyar shi ne, duk garin babu baƙin mutumin da ya san wajen unguwa kamar Lucius. Gida arba'in da biyu ya je ya duba a can, ko ɗaya ba da niyyar kamawa ba. Aikinsa ke nan na ranar Asabar.

Ga yadda abin ya faro. Lucius mai guga ne a wani shagon wanki, shekara ashirin da shida yana tsaye gaban injin tururi, har fatar hannunsa ta daina jin zafi. Wata rana wani ya kawo kwat mai ruwan toka, yadi na gaske, ɗinki na gaske, bai sake dawowa ba. 'Yar takardar da aka maƙala a ciki ta ce W. Colby. Ko mutuwa ya yi, ko gari ya bari, oho. Bayan shekara biyu mai shago ya ce Lucius ya ɗauka, kwat ɗin kuwa ya zauna masa kamar a jikinsa aka auna. Ya ajiye shi don zuwa jana'iza. A wurin wata jana'izar ce Mis Vernell Hargrove ta gan shi.

Lauya ce, sa'ar 'yarsa, tana da ofis a ɗakin ƙasa na wani coci, ita da injin buga takarda ɗaya da tukunyar kofi. Ta ce, "Mista Pettway, ka san ka yi kama da mutumin da babu dalilin da za a hana shi gida?"

Ya ce, "Kwat ɗin ne, 'yata. Ni kaina dalilai sun yi mini yawa."

Ta yi masa bayani. A 1968 aka yi doka, daga can Washington, cewa ba a hana mutum haya ko sayen gida saboda launin fatarsa. Doka ce mai kyau, kowa ya yi murna, har waƙa muka yi a coci. Abin da ta canja shi ne, da ana ce maka, "Ba ma ba irinku," a rufe ƙofa. Yanzu ana ce maka, "Ayya, ɗazun nan aka kama," da murmushi, wani lokaci har a ba ka kofi. Alƙali kuwa ba ya hukunta murmushi. Saboda haka sai a tura mutum biyu gida ɗaya: baƙi ya fara zuwa, bayan awa guda Bature ya bi. In an ce wa na farko babu, aka nuna wa na biyu inda zai ajiye gado, to an sami abin kai wa kotu. Gwaji ake ce wa aikin, masu yin sa kuma 'yan gwaji.

Ba da sunanka kake zuwa ba, kada masu gidaje su gane ka su gaya wa juna. Mis Hargrove ta tambaye shi wane suna yake so. Ya buɗe kwat ya nuna mata takardar. Suka mayar da W ɗin Warren. Ta ba Warren Colby aiki a kamfanin inshora, da albashi mai kauri, da mata malamar makaranta. Babu yara, babu kare, ba ya shan taba. Da gangan ake yin haka, kullum baƙin ya fi Baturen komai, don kada mai gida ya sami inda zai fake.

Baturen shi ne Gus Novak, tsohon ma'aikacin kamfanin giya da ya yi ritaya, mai tumbi, mai warin albasa da taba. Shi ba a ƙara masa komai ba, cewa kawai aka yi ya zo yadda yake.

"Ka ga rashin adalci," Gus yakan ce a mota. "Kai an ba ka malamar makaranta, ni an bar ni da tawa."

"Kai ake ba makulli."

"Fuskata ce, Farfesa. Mata ba sa iya ce mata a'a."

"Fuskar nan ko mahauci ne ya rataye ta, sai an tashi kasuwa za a taya."

Ƙa'idar aikin ba wuya. Ba ka gardama, ba ka fushi, ba ka roƙo. Ka duba agogo lokacin shiga da lokacin fita. In an yi kuskure an ce za a ba ka, ka ce sai ka yi shawara da matarka. Daga nan ka koma ofis ka rubuta abin da aka ce maka, ka sa hannu a takardar rantsuwa cewa kai ɗan gwaji ne, ba ka buƙatar gidan, ba kuma za ka taɓa kama shi ba. Wannan ta ƙarshen Mis Hargrove ba ta wasa da ita. Shaidar mai son gida, in ji ta, lauyan mai gida zai yage ta da haƙori; ta wanda ba ya so ce take tsayawa a kotu.

Lucius ya iya aikin fiye da kowa. Sauran 'yan gwaji sukan yi biyar, shida, su ajiye. Wata ta shiga banɗakin ofis ta sha kuka ta ce ba ta ƙarawa. Shi ko a jikinsa. Mutane suna cewa Ɗan'uwa Pettway akwai haƙuri. Ba haƙuri ba ne. Shi dai a ganinsa ba a taɓa korar sa ba. Colby ake kora. Shi rakiya kawai yake yi, ya riƙe masa hula.

Ozella ce ta ga tallan, don tun da ta daina fita ta koma karanta jarida har da farashin tayoyin mota. Wata Talata a farkon Mayu ta zagaye shi da jan fensir, ta ajiye masa kusa da kofinsa. Ɗaki biyu da falo, a ƙasa, da fili a baya, Titin Alder, can yamma, tashar bas a bakin layi. Kuɗin hayar ma bai fi ƙarfinsu ba, in ya ƙara awa biyu a gaban injin.

"Fili a baya," ta ce. Ta kalli taga, inda ta jera gwangwanayen kofi tara, kowanne da ɗan tsiron tumatir, sai biyu na kuɓewa da ƙanwarta ta aiko mata irin daga Alabama. Kowace shekara tana shuka su, kowace shekara su yi tsawo su rame su mutu ba su haifi komai ba, don awa biyu kacal rana take leƙa tagar.

"Unguwar Turawa ce zalla, Zella."

"Na iya karatu."

"Na san irin gidajen. Na shiga biyu a layin da ke bayansa."

"Colby ya shiga," ta ce. "Kai ba ka taɓa zuwa ko'ina ba. Wannan karon kai za ka je. Kuma ka ji ni da kyau, tsoho, kada ka sa mini kayan mataccen nan. Ka sa naka."

Nasa mai ruwan ƙasa ne, na bikin 'yarsu, gwiwa da gwiwar hannu duk suna ƙyalli saboda yawan guga. Mai guga ya san abin da ƙyallin nan yake gaya wa mutane.

Ya buga waya daga shago. Muryar tsohuwa ce. Ta ce gidan yana nan, ya zo gobe ƙarfe biyu. Ba ta tambayi suna ba. Sannan ya kira Gus.

"Kai, Farfesa, ai wannan muke jira!" in ji Gus. "Ka je, ni na bi bayanka. In ta ba ka, shi ke nan, na zo cin abincin tarewa. In ta hana ka ta ba ni, Hargrove ta ruga wurin alƙali. Ka tuna Ferrell da matarsa? Sati uku suka tare."

Gaskiya ya faɗa. In mai neman gida na gaske ne aka hana, kuma ga shaida, alƙali yakan sa a riƙe gidan nan take, kada a ba kowa sai an yi shari'a. Galibin masu gida ba sa jiran shari'ar, sai su miƙa makulli. Sau biyu Mis Hargrove ta yi haka a shekarar. Dokar tana tashi wani lokaci, kamar tsohuwar motar Gus.

Ranar Laraba ya fita da kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa. Ozella ta gyara masa taye, ta ja baya ta ce, "Ka ga mutum." Ya rataye shi a shago ya yi aikin safe. Ƙarfe ɗaya ya mayar da shi jiki, ya tsaya gaban madubi ya kalli gwiwoyinsa. Kwat ɗin Colby yana rataye a baya cikin leda, inda yake kwana kullum, don Ozella ba ta son ganin sa a gidan. Lucius ya ce wa kansa ai tufa ce kawai, yadi ne da maɓalli. Gida guda ake magana, yau ba ranar taurin kai ba ce. Namiji in ya haura hamsin babu abin da ya ƙware a kai kamar ba kansa dalili, duk mun iya. Ya canja.

Matakala biyu ce a ƙofar gidan na Titin Alder. Biyu. Ya tsaya ya sake ƙirgawa, kamar akwai inda za a yi kuskure. Ya danna ƙararrawa.

Matar da ta buɗe 'yar ƙarama ce, farin gashi, tabarau rataye a wuya, fulawa a hannunta. Misis Kessler, haka aka rubuta a jikin akwatin wasiƙa. Ta buɗe da fara'arta, sai ta gan shi. Fara'ar ba ta tafi ba. Ba ta tafiya. Da tana tafiya da abin ya zo da sauƙi. Tsayawa take yi cak a fuska, kamar agogon da ya mutu. Ya sha ganin wannan tsayawar, har ya daina jin komai sai dai ya riƙe lokacin.

Amma yau ta saman kafaɗarta yana hango cikin gidan miƙe har ƙofar baya. A buɗe take. Ga rana ta kwanta male-male a kan baƙar ƙasa da aka riga aka kafce, ga igiyar shanya, ga benci. Ba hawa ba sauka, tun daga gado har bencin. Ya ga Ozella zaune a kai da hular cocinta, tana yi wa tumatir faɗa. A tsaye a wurin ya gane cewa matar nan za ta ce a'a, kuma yau babu wanda ya rako. Shi za a ce wa. Lucius, ɗan Hattie, mai guga, wanda matarsa take can sama.

"Sannu," ta ce. "Da wa nake magana?"

"Warren Colby, Madam," in ji bakinsa. "Kamfanin inshora. Mun yi waya jiya."

Ya ji maganar tana fita kamar wani ne yake yi a ɗaki na kusa. Akwai daƙiƙa ɗaya, ko biyu, da zai iya yin tari ya ce, a gafarce ni, Pettway ne. Amma wane irin mutum ne yake kuskuren sunansa? Kafaɗunsa ma sun riga sun miƙe, numfashinsa ya daidaita. Daɗi ya ji, abin kunyar ke nan. Ya ji kamar wanda ruwan sama ya biyo ya sami rumfa.

"Ayya, Mista Colby," ta ce. "Da ka zo da safe! Ɗazun nan wasu ma'aurata suka kama. Kai, ban ji daɗi ba, ka sha hanya."

"Ba komai, Madam."

"Amma cika mini wannan, ko za su fasa. Ka san yaran yanzu."

Ta miƙo takarda da biro, ba ta matsa daga bakin ƙofar ba. Ya ɗora a jikin bango ya cika. Suna, wurin aiki, albashi, sunan mata. Hannunsa ya san hanya. Ya sa hannu a ƙasa da wannan W ɗin mai wutsiya da ya ƙware a kai. Ya ɗaga hula. Ya duba agogo: biyu da minti tara.

Ƙarfe uku Gus ya shiga. Lucius ya jira a mota, layi biyu daga wurin. Bayan minti arba'in Gus ya dawo yana tauna, da wani abu naɗe a takarda.

"Kek ɗin tuffa," ya ce. "Wai na kai wa matata. Farfesa, mun kama ta! Har inda ake kunna injin ɗumama ɗaki ta nuna mini. Ta ce ba wanda ya zo dubawa tukun, ko mutum ɗaya. Ta ce na tare ran sha biyar ga wata, unguwa ce mai tsabta, ai na gane. Na ce na gane. Kai, ka ga bayan gidan kuwa? Zella za ta noma abin da zai ciyar da cocinku duka. Ungo, ci mana."

Lucius bai karɓa ba.

"Me ya faru? Zagin ka ta yi?"

"A'a. Mutuniyar kirki ce. Har takarda ta ba ni na cika."

"Madalla! Shaida a rubuce, ga suna ga kwanan wata. Hargrove za ta..." Ya tsaya. Ya kalli kwat ɗin kamar sai yanzu ya gan shi. Ya daina tauna. "Lucius. Wane suna ka rubuta?"

Shekara uku suna tare, ranar ce ta farko da ya kira shi da sunansa.

A hanyar ofis, a bakin danja, Gus ya daki sitiyari ya ce wani abu da yaren kakanninsa.

Mis Hargrove ta saurare su. Ta sa Lucius ya maimaita. Sannan ta tashi ta zuba masa kofi da hannunta, abin da ba ta taɓa yi ba. Daga nan ya san sauran.

"Mista Pettway, zan gaya maka kamar yadda zan gaya wa mahaifina. In na tsaya gaban alƙali gobe na ce an hana Lucius Pettway gida, lauyanta zai ɗaga takardar nan ya ce ba a taɓa ganin wani Lucius Pettway a Titin Alder ba. Wanda ya zo maƙaryaci ne: sunan ƙarya, aikin ƙarya, albashin ƙarya. Doka ta hana a ƙi mutum don fatarsa. Ba ta hana a ƙi maƙaryaci ba."

"Ai tun kafin ta ga takardar ta ce an kama," in ji Gus.

"Na sani. Alƙali ma zai sani. Duk da haka ba zai ba da makulli ba."

"To na koma na gaya mata gaskiya," in ji Lucius. Shi kansa ya ji yadda maganar ta fito.

"Akwai kuma abin da ya fi wannan," ta ce. Ta ɗora hannu a kan wani tulin fayil. Ya san shi: babbar ƙarar da suka shigar a kan wasu dillalan gidaje, iyali goma sha ɗaya, za a fara ji a watan Yuni, kuma rabin shaidar tasa ce. "Sau arba'in da biyu ka rantse ba gida kake nema ba. In muka kai ƙara aka ji cewa da sunan Colby ka je neman gida na gaske, za su ce tun farko kanka kake yi wa, da mu kake fakewa. Duk arba'in da biyun sun koma takardar naɗe kifi."

"To me ya rage?"

Ta kalli tulin fayil ɗin. Yarinya ce mai kirki; ya ga tana kokawa da lauyan da ke cikinta kada ya yi murna, ta kasa.

"In gwaji ne," ta ce a hankali, "ban taɓa samun mai kyau kamarsa ba. Awa guda tsakani. Ta ce maka an kama, ta ce masa ba wanda ya zo. Ga kek a kan tebur. Ina da wasu a jerin masu jira, Whitlock da matarsa, nas ce, ga jariri, a falon ƙanin mijin suke kwana. In na tura su gobe da sunansu ta hana su, na haɗa da na yau, ran Litinin alƙali zai riƙe gidan."

"Su shiga," in ji Lucius.

"Su shiga."

"Vernell, don girman Allah," in ji Gus, "matarsa tana hawa na uku."

"Na san inda take, Mista Novak. Ni na kai mata miya ran Lahadi." Ta janyo wata takarda. "Zan sa su a kan jerin, su ne farko. Amma sai bayan Yuni. Kafin nan kada ya nemi gida ko'ina."

"Bayan Yuni kuwa," in ji Lucius, "duk mai gida a garin nan ya san fuskata."

Ba ta musa ba. Ta sa takarda a inji ta buga. Ya san kalmomin da ka, tun a ƙarar injin ya ji su. Gwaji na arba'in da uku. Ni mai sa hannu a ƙasa na je gida mai lamba kaza a Titin Alder a matsayin ɗan gwaji kawai. Ba na buƙatar gidan, ban taɓa nufin kama shi ba, ba kuma zan kama shi ba.

"Ba zan tilasta maka ba," ta ce. "In ka ce a'a na yaga, mu yi kamar ba a yi yau ba. Ran Asabar Misis Kessler ta ba wani irin Mista Novak gidan."

Ya karɓi biro. Ya daɗe yana kallon layin.

"Da wane suna?" ya ce.

"Da naka, Mista Pettway. Rantsuwa ce."

Ya rubuta Lucius Pettway, a hankali, harafi-harafi, yadda malamarsu ta firamare ta koya masa a Alabama. Duk yinin ranar, nan ne kaɗai sunan ya sami wurin zama.

Gus ya sauke shi a ƙofar gida. "Na hau tare da kai?"

"Da wannan tumbin? Sai na nemo maza biyu daga coci."

Ko Gus bai yi dariya ba.

Ya hau. A ta ashirin da biyu ya huta, abin da bai saba ba. Tun daga hawa na biyu ya ji ƙamshin soyayyar tarwada, alhali ba Juma'a ba ce, ranar da suka saba cin kifi. Ta soya kifi. Ta shimfiɗa farin ƙyallen tebur na baƙi.

Tana zaune a kujerar kicin, tana fuskantar ƙofa. Ta kalle shi daga hula har takalmi. Sai a lokacin ya tuna kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa yana can rataye a shago. Shekara talatin da ɗaya da aure tana rage wa mutum dogon bayani.

"Wa ya je?" ta ce.

Ya juya ga ƙofa. Ya rufe.

"Lu. Wa ya je?"

"Shi."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya mata farashin abin da dama ta san ba saya za ta yi ba. Ba ta yi faɗa ba. Ya so ta yi. Ya hau matakala arba'in da huɗu yana shirya kunnuwansa. Ya zauna ya gaya mata sauran, da kek ɗin, da Whitlock, da takardar. Kifin ya huce a faranti.

"Akwai rana a bayan?" ta ce.

Ya yi tunanin ya ce inuwa ce, gini ya tare, ƙasar duk tsakuwa. Ƙarya dai ya yini yana yi, ɗaya ba za ta ƙara masa nauyi ba.

"Akwai," ya ce. "Ko'ina."

"Matakala fa?"

"Biyu."

"Biyu," ta ce. Ta ɗan yi dariya ta hanci. Sannan ta miƙa hannu ta kakkaɓe wani abu daga kafaɗar kwat ɗin, ta gyara masa kwala. "Tashi ka cire shi ka rataye da kyau, kada ya yamutse. Shi ai yana da wurin zuwa ran Asabar."

Komai ya tafi yadda Mis Hargrove ta ce. Aka hana Whitlock ran Alhamis, alƙali ya riƙe gidan ran Litinin, Misis Kessler ta yi kuka a ofishin lauyanta ta ce ita ba ta ƙin kowa, maƙwabta take tsoro, ta miƙa makulli. Sati uku suka tare. Fasto ya ambaci abin a wa'azi, ya ce doka ta yi aikinta, ya sa Ɗan'uwa Pettway ya miƙe a tafa masa. Ya miƙe. In an ce mutum ya miƙe a coci, miƙewa yake yi.

Asabar ta ƙarshen Mayu Ozella ta sa ya kawo wani dogon akwatin katako daga shago, wanda aka taɓa kawo ƙarafan rataye kaya a ciki. Ta jera gwangwanayen da kanta, taran da biyun, tana hutawa tsakani, ta cusa jarida a gefe kada su girgiza.

"Ka ce wa matar Whitlock kada ta cika musu ruwa. Kuɓewar ta sa ta jikin katanga. Kuma ka gaya mata sunanka."

"Zella, ki bar ko ɗaya."

"Na bar shi ya yi me a nan?"

Gus yana ƙasa yana danna hon. Lucius ya rungumi akwatin ya fara sauka a karkace, ganyen yana shafar haɓarsa. A kwanar hawa na biyu, inda matakalar ta karye ta matse, akwatin ya ƙi wucewa a kwance. Ya gwada ta nan, ya gwada ta can. Sai da ya ɗaga kai ɗaya sama, ya kusa tsayar da shi, ƙasa ta zubo masa a takalmi, sannan ya wuce. Akwatin kuwa, in an tsayar da shi, ko kafaɗar Ozella bai kai ba. Maganarta ta ranar akwatin gawa ta faɗo masa.

Ya ajiye shi a kan matakala. Gus yana ta hon. Lucius ya juya yana kallon kwanar, yana auna ta da ido daga bango zuwa ƙarfen riƙo, ya sake aunawa.